Taki Bakwai Daga Gindin Tsamiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga uwarsa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imar makwanci. Na san ko da kina raye sai an karanta miki wannan takarda. Amma maganar ta cika mini ciki, kuma ke ce mai ita.

Ina rubuto miki daga ɗakin da nake haya a Camberwell, wata unguwa a Landan. Shekara biyu ke nan da gwamnati ta kwaso mu ta turo karatu, tunda kuɗin mai ya shigo har ana neman inda za a kai shi. Wasu likitanci, wasu lauya. Ni aka ce injiniyan ruwa, mai tare kogi ya zama tafki. Da kina nan da kin yi dariya, kin ce wanda bai taɓa kawo tulu daga rafi bai zubar da rabi ba, shi ne zai tare kogi.

Lokacin zafinsu da ya wuce, makaranta ta tura ni koyon aiki wani ƙauye, tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa. Inna, ashe Turawa ma suna da ƙauye. Gidajen dutse ne da ba su kai unguwarmu yawa ba, da coci ɗaya, da tsohon injin niƙa da ya daina aiki. Tumaki sun fi mutane yawa. Gundumar tasu ta manoma ce da makiyaya, ƙarama ƙwarai, har gwamnati ta ga ba ta isa ta tsaya da ƙafarta ba, ta haɗe ta da maƙwabciyarta. Kwarin da ƙauyen yake ciki shi za a cika da ruwa domin mutanen birni su sha.

A gidan wata tsohuwa aka sauke ni, Misis Agnes, malamar makaranta ce da ta yi ritaya, mijinta ya rasu. Ita ce mai ajiye tarihin garin. Ta san da ni ake aikin da zai cinye gidanta, amma kullum na dawo da taɓo a takalmi sai ta dafa mini shayi, ta jawo kwalayen takardunta.

Ta nuna mini kundin cocinsu. Duk jaririn da aka haifa, duk auren da aka ɗaura, duk wanda ya mutu, an rubuta, tun kakannin kakanninta. Ta shimfiɗa taswira, kowace gona da sunanta: Gonar Gurgu, Fadamar Mai Niƙa, Makiyayar Gwauruwa. Ta ba ni labarin shekarar da wani mai dukiya ya killace makiyayar gari, talakawa suka watse birni neman aiki. Ta kai ni gaban wani dutse da aka sassaƙa sunayen samarin da suka tafi yaƙi ba su dawo ba, ta ɗora yatsa a kan na wanta.

Mutanen ƙauyen sun yi iya yinsu don a fasa aikin, Inna. Sun rubuta takardu, sun yi taro, sun cika mota sun zo har Landan. Aka saurare su da ladabi, aka ci gaba da aiki. Abin da takan ce shi ne, “Ruwa zai ci ƙasar, amma sunayen suna wurina.”

Da aka zo kan maƙabartarsu, tone kowa aka yi, aka mayar kan tudu, kowane dutse ya bi mai shi. Tana tsaye da littafi tana duba suna ɗaya bayan ɗaya, har aka zo kan mijinta. A hanyarmu ta komawa ta tambaye ni inda mahaifiyata take kwance. Na ce taki bakwai daga gindin tsamiya, ta gabas. Ta riƙe fensir tana jiran sauran, na ce shi ke nan. Na yi mata bayani, har da ɗan alfahari, cewa mu ba ma rubuta suna a kabari, wanda ya tafi an bar wa Allah. Har gobe ban ga laifin wannan ba.

Kin san tsamiyar, ta bakin maƙabarta, wadda ba a tsinkar 'ya'yanta. Ranar da muka kai ki, Kawu Ilu ya kifa fasasshiyar tukunya wajen kanki. Na san damina biyu za ta shafe ta. Shi ya sa da mutane suka juya, na tsaya na jingina bayana da tsamiyar, na taka ina ƙirgawa. Na ce a raina, ita dai ba inda za ta je.

Bayan na dawo Landan sai ga wasiƙar Habu, autanki. Ya ce gwamnati za ta tare koginmu, za a tayar da gari a mayar kan tudu. Da murna ya rubuta, wai sabon garin har da famfo da rufin kwano. Dattawa sun tambayi Liman batun maƙabarta, ya ce a bar mamata inda suke, ƙasa da ruwa duk na Allah ne. Habu ya ce kada in damu, ruwa ba zai iso ba sai bayan damina biyu, zan samu in zo in yi miki ziyara.

Amma ni na san abin da Habu bai sani ba. Kafin a tara ruwa, aikin farko shi ne a kawar da itatuwa kaf, don kada su ruɓe su ɓata ruwan. An tambaye mu wannan a jarrabawa, na kuwa amsa daidai. A ƙauyen Misis Agnes ni da hannuna na bi itatuwa da farin fenti ina sa wa waɗanda za a sare alama.

Ko rigar sanyi ban tsaya ɗauka ba, na tafi gidan waya na aika wa Habu telgiram, saƙon gaggawa, na ce ya je ya auna daga tsamiya ya kafa dutse. Na manta saƙon garinmu a gidan wayar gunduma yake kwana, sai ranar kasuwa wani ya karɓo. Na je ofishin da ke kula da mu ɗalibai na nemi izinin zuwa gida, aka ce sai an gama zangon karatu. Ban ga laifinsu ba. Me zan ce musu, zan je ganin itace?

Jiya amsar Habu ta iso. Katafila ta riga saƙona da kwana tara. Sun tumɓuke tsamiyar har saiwa, sun baje wurin, sun ƙone itacen. Ya ce ya je ya tsaya a filin, bai gane inda maƙabartar ta fara ba balle inda ta ƙare. Ya jawo Kawu Ilu, amma idon Kawu ya tafi, sai kuka kawai ya yi.

Inna, na rasa ki sau biyu, kuma na biyun da ilimina aka yi shi. Ban san yadda zan yi ba. Wallahi ban sani ba.

Da zan baro ƙauyensu, Misis Agnes ta ba ni sabon littafi, ta ce in rubuta tarihin garinmu. Yau na buɗe shi. Ke ba ki taɓa kama sunana ba, ɗan fari ne ni, sai dai ki ce “wancan”, ko ki tura Habu ya kira ni, sannan ki ɓoye mini ƙanzon tuwo a ƙarƙashin faifai kamar ba ke kika ajiye ba. Ni ma ban taɓa furta naki ba. Ki gafarce ni, yau na rubuta shi a shafin farko, Hauwa'u. A ƙasansa na rubuta taki bakwai, sai na tsaya, don ban san daga ina zan ce ba.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin. Kafin a turo mu mun sa hannu cewa in mun gama, duk inda gwamnati ta ajiye mu nan za mu yi aiki. An riga an sanar da ni inda za a kai ni, madatsar garinmu ce. Sabon injiniya aikinsa na farko duba ma'auni. Kullum da safe zan sauka bakin tafki da littafi, in rubuta zurfin ruwan da ke kanki.

Allah Ya jiƙanki, Inna. Shi da Ya san inda kike ba tare da tsamiya ba, Ya haskaka makwancinki, Ya yalwata shi, Ya sanyaya miki. Ya haɗa mu a inda ba sai na ƙirga taki ba. Amin.

Ni ne ɗanki na fari,
wancan.