Sawun Hagu a Kan Yumɓu

Landan, 3 ga Mayu

Daga Mai Girma Ranald, mai ƙasar Darra da koginta da kifin ciki, zuwa ga Uwargida Ishbel Rennie ta ƙauyen Kilbrae.

Gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwoyi sun yi sauƙi. Bayan haka, labari ya iso mini cewa ƙungiyar masu kula da kogi za ta ɗauke katakonki mai iyo a ƙarshen wata, wai shekara biyu minki, baƙuwar dabbar nan mai cinye ɓerayen ruwa, bai taka yumɓun ɗaukar sawu da ke kansa ba. Na kuma ji kin yi wa 'yarki alkawari, ranar da kogi ya rabu da minki za ki koma wajenta Glasgow, bene hawa na tara, inda babu ruwan da ke gudu sai na famfo.

Ban yarda ba. Kullum da safe nakan hango kogina daga tagar nan, kuma jiya na ga wani baƙin abu yana iyo kusa da gada. Ki duba yumɓu ranar Alhamis. Amsa kuwa, ki bar ta a kantin Effie, hannun Zalmai, saurayin nan mai hankali wanda ya kamata a riƙa ƙara wa yankan kek.

Ki huta lafiya.

*

Kilbrae, 7 ga Mayu

Ranka ya daɗe,

Na ga saƙo, na gode. Shekara ashirin ba mu ga ƙeyarka ba, ashe idonka yana nan tare da mu.

Na je Alhamis. Hazo ya kwanta kan ruwa har ban ga ɗaya gaɓar ba, katakon yana lilo a igiyarsa kamar mai gyangyaɗi. Na jawo shi, na ɗaga murfi. Ga sawu nan, yatsu biyar, na minki. Na daɗe zaune a kan dutse. Ina yarinya, in ka bi bakin kogin nan sai ka yi ta jin ɓerayen ruwa suna faɗawa, cuɓul, cuɓul. Minki ya cinye su, kogin ya yi shiru shekara talatin. Bara suka fara dawowa.

Na saka keji a cikin ramin katakon, na gyara sandunan nan biyu na bakinsa don kada karen ruwa ya kutsa. Ka san ƙa'ida, tarko ba ya yini ba a duba shi ba, don haka na kira 'yata Catriona na ce ta dakata da zuwa ɗaukata. Ta ce to.

Zalmai kuwa, shekara tara da saukarsa garin nan daga duwatsun Afghanistan, kuma hankali ba ya cikin kayan da ya zo da su. Makon jiya gishiri ya zuba mini a kwanon sukari.

Taka mai biyayya,
Ishbel

*

Landan, 12 ga Mayu

Uwargida, gaisuwa da jinjina.

Madalla. Wannan minkin na san kakansa, zuriyar masu wayo ce. Yana iya kai ki hunturu, yana iya kai ki shekara goma. Kada ki yi gaggawa.

An ce saurayin nan da kike zagi ya raka ki jiya. Wai ya ce bai taɓa shiga aji ba sai makarantar allo, inda ake rubutu a wanke a sake. Wai da ya ga kina shafe yumɓu da jiƙaƙƙen tafinki, sai ya ga kamar kogi ne ɗalibin, yana rubuta wanda ya wuce, ke kina karantawa kina wanke masa. Kazar ruwa ta sa hannu, kwaɗo ya sa hannu. Wai da za a bar shi, da ya zauna yana kallonki har gemunsa ya yi fari. Gemun da ko fitowa bai gama yi ba.

Batun gishiri, na bincika, Effie ce.

Ki huta lafiya.

*

Kilbrae, 19 ga Mayu

Ranka ya daɗe,

Gaisuwa. Yau ba ni da doguwar magana.

Jiya an kwana ana ruwa, kogi ya cika, ban iya kaiwa ga igiya ba sai bayan azahar. Keji ya rufe. Ba minki ba ne, ɓeran ruwa ce, mace, nononta cike, wato 'ya'ya na can a rami suna jira. Ta jiƙe, ko gudu ba ta iya yi. Na sa ta cikin hulata, na cusa a ƙirjina, na zauna da ita har ta fara motsi. Da na sake ta, a hankali ta shiga ciyawa. Ban ji cuɓul ba.

Sau huɗu ina ganin sawun minkin nan, duk huɗun ƙafar hagu ce ta gaba. Na tsufa a bakin kogi ban ga minki mai tafiya da ƙafa ɗaya ba. Tun na biyu na lura, na yi shiru, don ni ma ba na son hawa na tara. Wannan laifina ne.

Na cire kejin. Juma'a 'yan ƙungiya za su zo, zan faɗa musu abin da na gani. Kafin nan ina son ji daga mai ƙafar.

Ishbel

*

Kantin Effie, Laraba

Kaka,

Ina gaishe ki, in za ki amsa.

Ba Ranald ke rubuto miki ba, ni ne. Ƙafar ta busasshen minkin nan ce da ke cikin gilashi a zauren taro, da ita na riƙa buga sawu a yumɓu, na mayar na manne ta. Gishirin ma ni ne.

Tun safe ina kwance a ciyawa gaban ramin ɓeran ruwan nan. Wajen sha ɗaya ta fito, ta ja kara ɗaya ta koma. 'Ya'yan ban gani ba, gobe zan sake zuwa.

Koginki ya rabu da minki, Kaka, shekara biyu cur. Kin yi nasara, ni ne ban so ba. In Catriona ta zo, ni zan ɗauki jakunkuna. Amma a bar ni in riƙe miki igiya ranar Juma'a.

Jikanki marar hankali,
Zalmai