Na tura makullin shafin marigayi abokina zuwa layinsa, ashe layin ya koma hannun wani

Assalamu alaikum 'yan'uwa na wannan gida. Admin don Allah a ɓoye sunana, sunayen da ke ciki ma duk na canza su. Ina roƙonku ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, zagin na san na cancanta, amma shawara na zo nema, don Allah ku ba ni.

Ni mazaunin Jos ne, a unguwar Ali Kazaure nake, harkar kwamfuta nake yi, haɗa shafukan intanet da irin su. Ina da aboki tun muna firamare, bari in kira shi Nasiru, kafinta ne a kasuwar Katako. Mutum ne mai surutu na ban mamaki, in ka je sayen kujera ɗaya sai ya ba ka tarihin bishiyar da aka sare, ni na sha ce masa da rediyo ya buɗe da ya fi samu. Da wannan tsokanar ne ma muka fara ɗaukarsa bidiyo yana koyar da kafinta da Hausa, yadda ake gane busasshen katako da ɗanye, yadda ake haɗa ƙafar tebur ba ƙusa, yadda ake wasa zarto. Damina ɗaya da aiki ya yi sanyi muka zauna muka ɗauki guda tamanin, a wasu har ana jin ruwa yana dukan kwanon shagon yana ɗaga murya don a ji shi.

Shi ba ya da haƙurin zaman loda bidiyo, sai na rubuta masa ɗan shiri a kwamfutata wanda duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci zai ɗauki guda ɗaya ya ɗora a shafinsa da kansa. Shi ya jera su da hannunsa, wannan na ɗaya, wannan na biyu, har tamanin. To kafin shirin ya iya ɗora abu a shafin mutum sai an ciro abin da ake kira API key daga cikin akawun ɗinsa. Ga waɗanda ba harkarsu ba ce, wasu dogayen haruffa da lambobi ne da ke aiki kamar makullin ƙofar baya, duk wanda ya riƙe su zai iya shiga ya yi aiki da sunanka ba tare da ya san password ɗinka ba. Ranar da muka ciro shi a shagonsa muke, shi ya shiga da kansa, aka turo masa lamba a waya ya karanto min. Wurin ya tambaye ni wane izini za a ba makullin, ɗorawa kawai ko har da gyarawa da gogewa, ya kuma tambaya ko a ɗaure shi da kwamfuta ɗaya. Na san amsar da ta dace, ni da nake koya wa mutane wannan abin. Amma netwok na ta yankewa, Nasiru na ta ce min oga ka yi sauri kwastoma na jira, sai na danna masa dukkan izini na ce zan dawo in gyara daga baya. Ban taɓa komawa ba.

An ɗora guda goma sha ɗaya Allah ya yi masa rasuwa. Zazzaɓi ne na kwana huɗu, ranar Litinin muna tare yana min dariyar takalmina, ranar Asabar mun kai shi makwancinsa. Allah ya jiƙansa. Wallahi a cikin ruɗanin nan ban ko tuna da shirin ba, sai Juma'ar da ta biyo na kunna kwamfuta, can na ga sanarwa ta shigo wayata wai Nasiru ya ɗora sabon bidiyo. Na yi niyyar tsayar da abin a ranar, sai da yamma da na je gidansu a Anguwan Rogo na tarar da mahaifiyarsa, Mama muke ce mata, an kunna mata a waya tana kallo tana share hawaye. Ta tambaye ni saura nawa, na faɗa mata, ta ce kada in taɓa komai, a bar shi yadda mai shi ya tsara.

Tun daga nan Juma'a ta zama ranarta. Takan gama girki da wuri ta zauna da waya a cinya tana jiran ƙarar sanarwa, in na shigo ta ce min abokinka ya zo yau, ya yi maganar katakon madaci. Ba wai hankalinta ya taɓu ba ne, ta san ya rasu, ita ta fi kowa yi masa addu'a. Na taɓa ce mata in zuba mata duka sauran a waya ta huta da jira, ta ƙi, ta ce in ta kalle su duka a mako ɗaya to me ya rage mata. Na ce to ni in riƙa turo mata ɗaya ɗaya, nan ma ta girgiza kai.

Ta ce, "In kai ka turo ai saƙonka ne ɗana. Wannan kuwa daga wurinsa yake fitowa, da sunansa da hotonsa."

Yanzu ga inda na yi wautar. Bayan rasuwarsa ban goge hirarmu ta waya ba, kuma ban daina yi masa magana a can ba. Wayarsa ta ɓace a hidimar asibiti, layin a kashe yake, duk abin da na tura tik ɗaya yake tsayawa, alamar saƙon bai isa ba. In abu ya dame ni sai in rubuta masa, in na ga wani ya yi ƙofa a karkace in ɗauki hoto in tura masa in ce zo ka ga aikin 'yan bayanka. Har abin da na kasa faɗa wa matata na rubuta a can. A hankali wurin ya zama min kamar aljihu, lambar mita, adireshi, duk abin da ba na so ya ɓace can nake jefawa, a tunanina babu wurin da ya fi shi sirri tunda mai shi ba ya duniya. Watan jiya kwamfutata ta fara ba ni matsala zan wanke ta, wato in goge komai da ke ciki, sai na kwafi makullin na tura can don kada ya salwanta, har da rubuta a samansa cewa makullin shafin bidiyo ne, da sunan shafin. Ni da kaina na yi masa lakabi.

Bayan kamar mako biyu ina zaune a shago da hantsi na buɗe hirar zan rubuta masa wani abu, sai na ga saƙonnin ƙarshe sun zama tik biyu, kuma shuɗi. An karanta. Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba, kaina ya sara, na ajiye wayar a tebur na fita waje na tsaya kamar wanda aka kora. Da na dawo na ga a sama an rubuta yana rubutu, a ƙarƙashin sunan Nasiru, don har yau ban canza sunan ba. Saƙon da ya shigo shi ne, "Waye wannan? Sabon layi ne na saya." Ashe in layi ya daɗe ba a amfani da shi sake sayar da shi ake yi. Na sani fa, kowa ya sani, kawai ban taɓa kawo wa raina zai faru da nasa ba.

Na kira lambar, wani saurayi ya ɗauka, Hausarsa irin ta 'yan gari ce haɗe da Turanci. Na yi masa bayani na roƙe shi ya goge abin da ya gani, ya yi min ta'aziyya sosai, ya ce ba komai oga, sannan ya ƙara da cewa shi ma yana ɗan taɓa harkar kwamfuta, ya gane abin da na turo. Na goge daga ɓangarena, amma me ya rage, an riga an gani. Na roƙe shi ko zai taimaka ya karanto min lambar shiga akawun ɗin in an turo wa layin, ya ce ba matsala, sai na tuna ko password ɗin Nasiru ban sani ba, kuma in na fara neman canza shi lambar da za ta buɗe akawun ɗin gaba ɗaya hannun wannan yaron za ta faɗa. Sai na bar maganar.

Juma'ar da ta wuce bidiyo biyu suka hau shafin. Na farko namu ne. Na biyun daƙiƙa tara ne kacal, babu suna, fankar sama ce tana juyawa a wani ɗaki da ban sani ba, can a ƙarshe wani ya yi tari. Kafin in gani in goge ya yi awa biyu a sama. Na kira saurayin ya fi sau goma bai ɗauka ba, daga baya ma layin ya daina shiga. Ba zan rantse shi ne ba, wataƙila ya tura wa wani, wataƙila gwadawa kawai ya yi don ya ga ko yana aiki, amma ko waye yanzu ya san yana aiki. Da na je gidan da yamma Mama ta riga ta gani. Ta tambaye ni ɗakin waye wannan, ta ce ta maimaita shi ya fi a ƙirga.

"Tarin nan kamar nasa," ta ce min, tana kallona.

Na ce mata kuskuren na'ura ne. Ƙarya na yi wa matar da ta ciyar da ni tun ina yaro, kuma tun ranar ko fanka na gani tana juyawa sai gabana ya faɗi. Abinci ba ya min daɗi, duk ƙarar da waya ta yi sai in ɗauka wani abu ne aka sake ɗorawa da sunansa. Yau fanka ce, gobe in hoton banza ne fa, ko tallar caca, ko a yaudari masu binsa da sunan mamaci, ko a wayi gari an goge komai? Mutumin da ya rayu ba a taɓa jin abin kunya a kansa ba, a zo a ɓata shi yana kabari saboda ganganci na.

Abu ɗaya ne a hannuna. Ba zan iya ciro sabon makulli ba tunda ba ni da hanyar shiga akawun ɗin, amma da wanda nake riƙe da shi zan iya kashe makullin kansa, aikin minti ɗaya ne. In na kashe, shafin ya kulle ke nan, bidiyon da ke sama za su zauna lafiya babu mai taɓa su, ni ma har da ni, sauran talatin da ɗaya kuma ba za su taɓa fitowa da sunansa ba. Suna nan a wurina ba za su ɓace ba, zan iya buɗe wani shafin, amma kun ji abin da Mama ta ce. Matata ta ce in kashe tun jiya in daina wasa da mutuncin mamaci, mun ɗan yi sa-in-sa har ta ce tsoron fuskar Mama nake yi ba tausayinta ba. Na yi fushi, amma ina ganin akwai gaskiya a maganarta.

Yau Laraba. Ɗazu na buɗe wanda ke kan layi na jibi, na hamsin, ban taɓa kallonsa ba tun ranar da muka ɗauka. Kujera 'yar tsugunno yake haɗawa, da ya gama ya ɗaga ta ya kalli kyamara yana dariya ya ce wannan ta Mama ce, kada ku faɗa mata. A kan kujerar take zama duk Juma'a, ba ta san an ɗauki haɗa ta ba.

'Yan'uwa ku faɗa min gaskiya. In kashe makullin yau, ko in yi kasadar kwana biyu ta ga wannan ɗin daga wurinsa sannan in kashe? Masu harkar kwamfuta, akwai wata hanya da ban gani ba? Sannan ku iyaye mata da ke gidan nan, ku nake so ku amsa min wannan, in na je na durƙusa gabanta zan ce mata daga yau ba zai ƙara zuwa ba kuma ni na jawo, da wace kalma zan fara?