Kwas ɗin da zan koyar ni kaɗai

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina miƙo gaisuwar ƙanwa ga wadda ta goye ta, da fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da jikoki. Allah ya sauƙaƙa miki ciwon gwiwar nan, ya ƙara mana zumunci. Ni ma lafiya lau, sai dai gidan ya yi mini faɗi. Tun da Auta ta tafi makaranta, in na dawo daga aiki babu mai yi mini sannu da zuwa sai kyanwa, ita ma don cikinta take yi.

Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, shugaban ɗakin karatunmu ya ɗora mini shirya kwas domin sababbin ma'aikatan rassa, a koya musu rarraba littattafai: yadda mutum zai duba littafi ya gane maganar da yake yi, ya ba shi lamba, ya kai shi kantar 'yan'uwansa. Ya ce in ba su iya ba, za a rufe sashenmu a riƙa kwaso lambobi daga kwamfuta. Na ce masa kwamfutar nan ba ta san littattafan harshenmu ba, kwanaki ma ta ga kaza a bangon wani littafin karin magana, ta tura shi cikin na kiwon kaji. Ya yi dariya har da riƙe ciki, amma bai janye maganarsa ba.

Kin tuna Mai Tabarau, abokiyar aikina, wadda kika ce zamanmu irin na harshe da haƙori ne? Da tana nan, da tare za mu yi wannan shiri. Bayan ta ajiye aiki sai ciwon mantuwa ya kama ta. Teburinta na nan daura da nawa a ɗakin baya, ƙarƙashin tagar da ba ta rufuwa, babu wanda ya gaje shi. Darasin da ya fi ba ni wuya shi ne na littafi mai fuska biyu, wanda ya taɓo tarihi ya taɓo addini. Ita takan ce a bi niyyar marubuci, ni in ce a bi sawun mai karatu, inda zai fara nema. Mun yi furfura a kan gardamar nan ba mu gama ba.

Ranar hutu na je gidan ɗanta da irin wannan littafi a jaka. Ta tarbe ni da fara'ar da ake yi wa baƙuwa, har ta tambaye ni 'yar gidan wa ce. Da na miƙa mata littafin, sai ta tsallake bango ta nufi gabatarwa kamar yadda ta saba. Ta daɗe tana bin layi da yatsa, sannan ta ce wannan na tarihi ne, amma akwai wata mai taurin kai a wurin aikinsu da ba za ta taɓa yarda ba. Ta ce tana kewarta, ba ta san abin da ya hana ta zuwa ba. Yaya, da ƙyar na riƙe hawayena har na kai bakin titi.

Na yanke shawarar zan koyar da ra'ayin biyu, nata a gaba, in bar ɗalibai su yi ta musu. An ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to wanda ya rage shi zai gwada.

Ga roƙona. Ranar rufe kwas an ce kowa ya gayyato nasa, za a ware musu kujerun gaba. Don Allah ki zo. Ba sai kin fahimci lambobinmu ba, ko gyangyaɗi kika yi na yafe. Ni dai in an tambaya, in nuna in ce waccan tawa ce.

Ki gaishe mini da maigidan, da Kawu mai rediyo, da surukarki, da takwarata mai wuyar wanka. Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Ƙanwarki