Maganin Salma da Taurin Kan Lukuman

Nasarawa Gwom, Jos
14 ga Yuli, 2006

Zuwa ga ƙanwata Sumayya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya daidai a Sakkwato. Allah ya ƙara miki lafiya da basira. Mu nan alhamdulillahi, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi.

Sai dai 'yarki Salma da kika bar mini ta ba mu tsoro. Zazzaɓi ya yi ta kama ta yana saki, ta daina cin abinci, in za ta yi fitsari sai ta ƙanƙame ni tana kuka, ga fitsarin da wari. Inna ta ce haƙori ne, mijinki Lukuman ya ce sauro ne, ya yi ta kwaso magani a kemis. Da na gaji na goya ta sai asibiti. Likita ya ba ni 'yar kwalba, ya ce in tari fitsarinta a gwada. Yarinyar da kullum take jiƙa mini zani, ranar ta ƙi. Ruwa, lemo, lallashi, ba abin da ban yi ba. Ina juya baya ta tsula shi a takalmin babanta. Sai washegari na samu. Aka ce ƙwayar cuta ce ta shiga mafitsararta, aka ba da magani, aka ja mana kunne lallai ta shanye shi duka.

To, Lukuman ya ɗauke ta zuwa gidansu a unguwar Ali Kazaure. Da ya ga tana wasa sai ya ajiye maganin, wai yawan magani yana kashe jikin yaro. Zazzaɓin ya dawo har da amai, muka koma asibiti aka ba mu gado, aka yi ta huda hannunta ana neman jijiya. Likita ya ce saura kaɗan abin ya taɓa ƙoda. Da na yi magana, Lukuman ya ce ai bai sani ba, alhali yana tsaye aka yi gargaɗin.

An sallame mu yanzu. Maganin yana jakata, ba mai taɓa shi sai ni. Ke kuma ki daina yi mini filashin, ki kira mijinki ki yi masa faɗa, ni bakina ya gaji. Hutu na zuwa ki taho. Salma ta fara ce mini Umma, na kuma daina gyara mata.

Ki gaida Kawu Datti da Gwaggo Atine. Inna tana gaishe ki.

Yayarki,
Mariya