Kunyar Ɗan Fari Ce Ta Raba Direbanku da Aiki

Zuwa ga mudirin kamfanin Amurkawa masu haƙa rijiyoyi a Jidda.

Gaisuwa da fatan alheri. A gafarta mini rubutuna, da furfura na koyi biro a makarantar yamma.

A watan Rajab Allah ya ba ni jika namiji, na farko. Har yau farin ciki bai sake ni ba, hula nake ɗinki ina waƙa. Sai ga ɗana, direbanku, ya dawo Makka da jakarsa, wai kun sallame shi saboda ƙarya.

Abu uku zan faɗa muku. Na farko. Ya nemi izinin zuwa suna, ya ce an yi haihuwa a gidan babansa. Kuka tambaye shi ko ɗansa ne. Ya sunkuyar da kai, ya ce na Baba ne. Da abokan aiki suka yi masa barka da samun ɗa a gabanku, kuka ce ya yi muku ƙarya, kuma ya ƙi kallon idonku. Ranka ya daɗe, a wurinmu uba ba ya bugun ƙirji da ɗan fari. Ba ya kiran sunansa, ba ya ɗaukarsa a gaban manya. Na kakanni ne. Ni na koya masa wannan kunya, na kuma hana shi zuba wa babba ido.

Na biyu, nan kaina ya ɗaure. Shi yake ba mu labarin gaskiyarku. Ya ce ranar da kuka buga motar kamfani da dutse, kuna iya ɗora wa yaran gareji, amma kuka tara su kuka ce laifinku ne. Na ba da labarin nan a majalisarmu ta unguwar Utaibiyya, dattawa suka yi mamaki. To, mai irin wannan zuciya, yaya ya kasa gane kunya? Kuma me ya ci da ƙaryar? Da ya ce ɗansa ne, ai da izinin ya fi sauƙi.

Na uku. Na aika muku soyayyen naman suna kamar yadda na aika wa maƙwabta, kuka mayar, wai ba kwa karɓar toshiya. Ban san ina zan sa wannan ba.

Roƙona, ku mayar da shi bakin aikinsa, mai jego da jariri suna kallonsa. Ku tambayi duk Bahaushen da ke Jidda ko na faɗi daidai.

Wataƙila kun lura ban rubuta sunan direban ba. Shi ne ɗana na fari, bakina bai taɓa furta shi ba. In wannan ƙarya ce, a wurina ya gada, ni za ku hukunta.

Allah ya ƙara muku lafiya, ya nuna muku naku jikokin.

Wassalam.

Alhaji Ɗanladi mai hula, Utaibiyya, Makka.