Waken Malam da numfashina

Laraba, bayan isha'i.

"Wallahi kafin Juma'a zan kwashe waken nan." Haka Malam ya rantse mini, mijin da ke wa'azin cika alkawari. Juma'a uku ke nan, buhunan suna jikin tagata, sai warin maganin ƙwari.

Yau likita a Kankiya ta gwada numfashina, ya ƙara raguwa. Ta ce jiki yana da saƙon da yake aikawa don kwantar da kumburin hanyar iska, amma nawa ya yi rauni, warin kuma yana tayar mini da ciwon asma. Na faɗa wa Malam, wai sanyi ne, in sha citta. Citta! Ni da nake kwana a zaune.

Na ba shi zuwa azahar ɗin Asabar. In ya wuce, zan tafi garin Ƙofa, gidan Yaya, inda zan iya kwanciya in yi barci.