Ungozoma Ɗaya a Argungu

Yaya Umaru,

Sallama da gaisuwa. Yaya jiki, yaya iyali da sanyin Jos? Birnin Kebbi lafiya lau.

Rabi ɗiyar ƙanenmu ta sauka a Argungu, amma da ƙyar. Ungozoma ɗaya tak ke gudu tsakanin gadaje. Na zage ta tas, na haɗa da gwamnatin Kebbi.

Sai da ta wanke jinjiri ta ce, "Inna, tare anka ɗauke mu karatun ungozoma da ɗiyarki Hauwa. Ke kinka ce aikin ƙazanta ne."

Har yau kunya nake ji. Ka sa ni a addu'a, ka gaida mutanen gida. Ka rubuto wa mijin Hauwa ya bar ta ta tafi karatun, ni ba ni da bakin roƙonsa.

Ƙanwarka,
Kulu